Daga Ina Sunan Newcastle Ya Samo Asali?

Masu bibiyar ƙwallon ƙafa sun san Newcastle, birnin da ke bakin kogin Tyne a arewa maso gabashin Ingila. Amma akwai garuruwa masu wannan suna a Ostireliya da Afirka ta Kudu da Amurka, har ma a wasu sassan Ingilar kanta.

A shekarar 1080, Robert Curthose, babban ɗan Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, yana kan hanyar komowa daga yaƙi da mutanen Scotland, sai ya tsaya a bakin Tyne. Nan ya tara tudun ƙasa, ya kafa sansani na katako a kai domin tsare mashigar kogin. A wurin akwai kufan wani sansanin da Romawa suka bari tun ɗaruruwan shekaru, don haka aka kira na Robert sabo. Ma'anar sunan ke nan: sabon sansani mai ganuwa, kusan yadda mu ma muke da Sabon Birni a ƙasar Gobir. Bayan kusan shekara ɗari Sarki Henry na Biyu ya sake gina shi da dutse, kuma ginin yana nan tsaye har yau.

Kuskure ne a ɗauka cewa duk sauran garuruwan kewar gida ce ta sa aka raɗa musu sunan. Na Ostireliya kwal ne dalilinsa. A 1797 wani hafsan jirgin ruwa, John Shortland, ya ga kwal a bakin kogin Hunter. A 1804 aka kai fursunoni su haƙa shi, aka kuwa sa wa wurin sunan birnin Ingila da ya shahara da cinikin kwal. Yau tasharsa na cikin manyan tashoshin fitar da kwal a duniya.

Na Afirka ta Kudu kuwa, a lardin KwaZulu-Natal, sunan mutum ya ci. A 1864 aka raɗa masa shi don girmama basaraken da ke riƙe da sarautar Newcastle, wanda ya yi sakataren mulkin mallaka na Birtaniya. Sarautar tasa ma ba ta birnin bakin Tyne ba ce, ta wani gari ce daban a tsakiyar Ingila, Newcastle-under-Lyme.

Saboda haka idan ka ci karo da sunan a taswira, kada ka yanke hukunci sai ka binciki tarihin garin da kansa.