Kujerar Barcin Jarirai: Idan Ta Yi Kisa, Wa Za Mu Kama?

A watannin baya na je Gumel sunan ɗiyar ƙanwata. Bayan an raɗa suna an watse, na shiga ciki don in yi wa mai jego barka, sai na tarar da jaririyar tana barci a cikin wata 'yar kujerar lilo mai laushi, an lulluɓe ta da tawul. Kujerar a kishingiɗe take, kan yarinyar na sama, haɓarta ta sauko har tana neman taɓa ƙirjinta. Na tambayi inda aka samo ta, aka ce wata ƙawar mai jego ce ta kawo cikin kayan barka, ita ma a gwanjo ta saya. Na juya ta ciki da waje. Tambarin kamfani ya goge, babu takardar bayani, rasit kuwa ba a ma maganarsa.

Na ce wa ƙanwata ta ɗauke yarinyar ta kwantar da ita a katifa. Ta dube ni ta ce, "Haba Yaya, wannan fa ta Turawa ce." Goggonmu da ke gefe ta ce, "Ai boko bai bar ku da komai ba sai tsoro. Rai a hannun Allah yake." Na ce, "Haka ne Goggo, amma ku ba ni minti biyar in ba ku labarin Turawan da kujerarsu." Labarin da na ba su a ɗakin nan shi nake so in bai wa mai karatu, domin akwai darasi a cikinsa ga iyaye, da 'yan kasuwa, da masu riƙe da ƙofofin shigowar kaya ƙasarmu, musamman ƙofar da ke kusa da mu ta Maigatari.

A shekarar 2009 kamfanin Fisher-Price na Amurka ya fito da wata kujerar barcin jarirai mai suna Rock 'n Play. Shimfiɗarta a karkace take da kimanin digiri 30, kuma an tallata ta a matsayin wurin da jariri zai kwana. Iyaye suka yi rububinta. A watan Afrilun 2019 kamfanin ya janye guda miliyan 4.7 daga kasuwa, bayan an danganta ta da mutuwar jarirai sama da 30. A wannan watan wani kamfanin, Kids II, ya janye makamantanta kusan dubu 700. A Janairun 2023 hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta Amurka, CPSC, ta sake shelar janye Rock 'n Play, inda ta ce rahotannin mace-macen sun kai kusan 100, kuma aƙalla takwas daga ciki sun faru ne bayan janyewar farko.

Dalilin haɗarin a jikin jaririn yake. Kan jinjiri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan aka kishingiɗa shi, kan yakan rinjayo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Idan kuma ya fara juyi, karkatar takan sauƙaƙa masa kifewa, fuskarsa ta nutse cikin soso, ya kasa ɗagowa. Duk wannan yana faruwa ba tare da kuka ba, uwa tana ganin barci ne ya yi daɗi. Binciken da Dokta Erin Mannen ta jagoranta wa CPSC a 2019 ya nuna babu ko ɗaya daga cikin irin waɗannan kujeru da aka gwada da ta dace da barcin jariri. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai ruf da ciki, kuma bayan gangamin wayar da kai na 1994 mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar.

Kamfanin ya kare kansa da cewa kujerar ba ta da illa idan an bi umarnin amfani da ita, har da ɗaura wa jariri maɗauri. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu ba su yarda ba, suka garzaya kotu. Mujallar Consumer Reports ta tona yawan mace-macen. Wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar da rahoto a Yunin 2021 yana zargin kamfanin da yin biris da gargaɗin da aka sha yi masa. A Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta haramta ƙerawa da sayar da duk shimfiɗar barcin jariri da ta karkata fiye da digiri 10, tare da soson da ake zagaye gadon jariri da shi. A 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 19 don sasanta ƙarar haɗin gwiwa ta waɗanda suka sayi kujerar, ba tare da ya amsa laifi ba, ban da ƙararrakin da iyalan mamatan suka shigar daban-daban.

Abin lura shi ne, a ƙasar da ake ba da rasit ko na biredi ne, ake kuma binciken gawa, sai da aka shekara goma kafin kujerar ta bar kanti. Da ta bar kantin ma ba ta bar duniya ba. Miliyoyinta suna gidajen mutane, har a 2023 CPSC ta rubuta wa kamfanin Meta tana ƙorafin ana ci gaba da sayar da su a kasuwar Facebook. Abin da mai shi ya gama da shi a can, sau da yawa kwantenar gwanjo yake faɗawa, kuma mun san inda kwantenar gwanjo take sauka. Ga kuma sababbi na kwaikwayo, marasa suna, masu irin wannan ƙira, waɗanda ake tallatawa a waya a kawo wa mutum har gida.

A nan Maigatari ta shigo cikin zancen. Duk ranar Alhamis garin yakan cika da fatake daga Damagaram da Magarya da Dungas, da masu sayen shanu da raƙuma daga kudancin Nijeriya. Motar da ta kawo dabba ba ta komawa wayam. Iyakar Maigatari tana cikin guda huɗu da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa a Disambar 2020 bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019, abin da ke nuna matsayinta. A nan ne kuma gwamnatin Jigawa ta kafa yankin ciniki maras shinge na kan iyaka, ƙarƙashin lasisin hukumar NEPZA. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da yankin, abin da ake lissafawa shi ne ayyukan yi da kuɗin shiga da riɗi da zoɓo da za a fitar. Buri ne mai kyau, kuma mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar sun daɗe suna jiransa. Sai dai sauƙin harajin da ake yi wa irin wannan yanki bai kamata a fassara shi da sauƙin binciken inganci ba. Kayan da ya fito daga yankin ya shiga kasuwannin cikin gida, ko ya tsallaka Nijar, a jikin mutane zai ƙare, wani kuma a ƙarƙashin jaririn da bai yi arba'in ba.

To idan tsautsayi ya afku, me doka ta tanadar wa iyaye? Ta tanadi abu mai yawa, fiye da yadda akasarinmu muka sani. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 136 idan kaya mai aibi ya jawo cutarwa, wanda ya samar da kayan shi ke da alhaki. Ta hana mai kaya ya kuɓutar da kansa ta hanyar wani sharaɗi da ya rubuta a takardar ciniki. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai kaya idan aka yi zargin kayansa na da aibi. Tun kafin wannan doka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1985 a shari'ar kamfanin Nigerian Bottling da Ngonadi, inda firiji mai aiki da kananzir ya fashe ya ƙona matar da ta saya. Kotun ta ɗora alhaki a kan kamfanin da ya sayar, duk da ba shi ya ƙera ba. Ma'ana, ba dole sai iyaye sun gano masana'antar da ke wata nahiya ba. Wanda ya shigo da kayan da wanda ya rarraba su suna iya amsa tambaya a gaban alƙali.

Shari'ar Musulunci, wadda mutanenmu suka fi sabawa da kotunanta, ita ma ba ta bar wannan fage ba. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, sun bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan aibi ya bayyana, sun kuma ɗora lamuni a kan wanda sakacinsa ya jawo ɓarna. Diyya kanta an shar'anta ta a kisan kuskure, wanda ba a yi niyyarsa ba. Saboda haka neman haƙƙi bai saɓa wa imani da ƙaddara ba. A garin da ake cinikin raƙuma kowa ya san ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali.

Matsalarmu ita ce hujja. Jariri ya rasu cikin barci da asuba, kafin azahar an yi masa sutura, 'yan ta'aziyya suna cewa Allah Ya sa mai ceto ne. Babu likitan da ya duba, babu wanda ya rubuta a kan me yake kwance. Kujerar a wanke ta a ajiye wa na gaba, ko a bai wa wata mai jego kyauta. Uwa ta zargi kanta, ko a zargi iska, ko maita, ko a yi mata gorin nauyin barci. Lauyan da ya fi kowa iya magana ba zai iya gina ƙara a kan kayan da ba a san mai su ba da mutuwar da ba a rubuta sanadinta ba.

Mun taɓa ganin abin da hujja take iya yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 suka shiga, 11 suka rasu. An yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala dubu 175 kowannensu. Shekara goma sha biyar ke nan, amma an kai ga wani abu saboda akwai sunan kamfani, akwai asibiti, akwai takardu. Haka maganin haƙoran yara na My Pikin da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009. Da yake kwalbar na ɗauke da suna da lambar rukuni, NAFDAC ta bi sawu, kuma a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure wasu jami'an kamfanin shekara bakwai-bakwai. Kujerar da na gani a Gumel ba ta da suna, balle lamba.

Don haka ina kira ga gwamnatin Jigawa da mahukuntan yankin ciniki na Maigatari su sa wannan cikin tsarinsu tun yanzu, domin tun ran gini tun ran zane. Duk mai shigo da kayan jarirai ta yankin a san sunansa da adireshinsa, kowane kaya ya ɗauki tambarin da za a iya bin sawunsa. Hukumar SON, wadda ke da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, ta riƙa bibiyar jerin kayan yaran da wasu ƙasashe suka janye, ta buga hotunansu da bayanin Hausa, a raba wa jami'an kwastan da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan gwanjo. Yawancin masu sayar da waɗannan kaya ba su san illarsu ba, su ma 'ya'yansu a ciki suke kwana. FCCPC ta samar da hanyar kai ƙorafi da Hausa wadda matar ƙauye za ta iya bi ba sai ta je Abuja ba. Asibitocinmu kuma, idan aka kawo jaririn da ya rasu ko ya shiɗe cikin barci, ma'aikaci ya tambaya ya rubuta a kan me aka same shi kwance. Wannan tambaya ɗaya ba ta jinkirta jana'iza, kuma daga irinta ake tara bayanan da ke tona asirin mugun kaya.

Ga iyaye kuma, abin da likitocin yara suka yi ittifaƙi a kai ba ya buƙatar kuɗi. A kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, babu filo, babu tarin zannuwa ko 'yar tsana a kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro da aka ɗaure sosai. Idan barci ya ɗauke shi a kujerar lilo ko ta mota, a mayar da shi shimfiɗa. Wanda zai sayi kayan jarirai ya nemi rasit, in babu ya ɗauki hoton kayan da shagon a wayarsa. Idan wani abu ya faru, kada a jefar da kayan kuma kada a bayar da su, a kai yaron asibiti a rubuta, sannan a nemi shawarar lauya ko ofishin hukumar ba da agajin shari'a. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Uwar da aka kawo wa kujerar barci ba ta san haka game da ita ba, don haka alhakin sanin yana wuyan wanda ya ƙera, da wanda ya shigo da ita, da hukumar da ta bari ta wuce.

Da na kai ƙarshen labarin a ɗakin ƙanwata, Goggo ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta dai miƙe ta ɗauki jikarta ta kwantar a katifa, ta ce, "Mu da muka raine ku a tabarma, ga ku nan kun girma har kuna yi mana wa'azi." Kujerar kuma na sa ta a but ɗin mota na tafi da ita, don kada ta koma cikin kayan barkar wata. Allah Ya raya mana zuri'armu, Ya kare su daga sakacinmu da na wasu.