DOKIN ƘARFE NA NEMAN HANYARSA A CIKIN BIRNI

Ranar 3 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar keke ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta keɓe ta a shekarar 2018. Mai karatu yana iya yin mamaki, ya ce ina ruwan babbar majalisa da keke, abin hawan 'yan lakwal da masu tallar burodi? Amsar tana bisa titunan Yamai kowace safiya. Duk wanda ya ga ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai tsaitsaye bakin kwalta suna jiran taksi ko faba-faba, ya san zuwa wurin aiki ya zama wani aiki na dabam, mai cin kuɗi da lokaci.

BIRNI YA YI FAƊI

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna mazauna Yamai sun zarce miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin gari sai ƙara faɗi yake yi. Sababbin unguwanni suna tsirowa can nesa, alhali yawancin ma'aikatun gwamnati suna nan a Filato, ciniki kuma yana Babbar Kasuwa da Katako da Wadata. Jami'ar Abdu Mumuni tana ƙetaren kogin Isa, a Harobanda. Daga 1970 har zuwa 2011 gadar Kenedi ce kaɗai ta haɗa gaɓoɓin biyu. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku, mai sunan Janar Saini Kunce, a 2021. Amma gada ba ta rage nisan da ke tsakanin gidan ma'aikaci da wurin aikinsa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tun watan Janairu na 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jikka 42 ne. Mu ƙaddara ƙaramin ma'aikaci yana kashe dala ɗari a rana wajen zuwa da dawowa. Cikin kwana 22 na aiki ya fitar da jikka 11, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa, tun bai sayi ko tiya ɗaya ta hatsi ba. Idan unguwarsa ta sa sai ya hau taksi biyu kafin ya isa, abin ya ninka.

Shi kuwa keke ba ya shan isansi. Abin da yake bukata shi ne iska a taya, ɗan mai a sarƙa, da faci loto-loto. Mutum mai lafiya, ba tare da gaggawa ba, yana cin wajen kilomita 15 a awa guda. Ke nan tafiyar kilomita 5 minti 20 ce, kuma mai keke ya san sa'ar da zai isa, domin cunkoso ba ya tsare shi kamar yadda yake tsare mota. Filin da mota ɗaya take tsayawa yana ɗaukar kekuna wajen goma. Likitoci kuma sun daɗe suna faɗin cewa motsa jiki na rabin awa a kowace rana yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari.

To, in haka ne, me ya sa keke yake ja da baya a biranenmu? Dalilai biyu ne manya: raini da tsoro.

RAINI DA TSORO

A da, malamin makaranta ko akawu da ya sayi sabon Raleigh ko Peugeot abin kallo ne a unguwa. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix suka cika kasuwa, talaka ma ya samu. Da moto mai rahusa ta shigo daga ƙasashen Asiya, sai daraja ta koma gare ta. A Maraɗi da Damagaram da Tawa 'yan kabu-kabu sun cika tituna. Yau ma'aikacin da ya zo biro bisa keke sai a riƙa duban sa kamar wanda ya rasa. Mutane da yawa sun gwammace su ci bashi su sayi moto da a ce an gan su suna taka feda.

Tsoro kuwa yana da hujja. Cikin unguwanni rairayi yakan kama taya, dole mai keke ya fito bisa kwalta. A can kuma ba shi da wurin kansa. Kamyo na bayansa, taksi na tsayawa gabansa ba sanarwa, masu tebur sun cinye gefen hanya, yashi ya rufe abin da ya saura. Uban da ya ga haka ba zai saki ɗansa ya tafi lakwal bisa keke ba, kuma ba mai ganin laifinsa.

Akwai kuma zafin rana. A watannin Afrilu da Mayu awon zafi yakan wuce 40 a Yamai, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Sai dai tafiyar safe ana yin ta ne kafin rana ta ɗaga, hanyar da ke da inuwar bedi kuwa dabam take da wadda ba ta da itace ko ɗaya.

ABIN DA YA FARU A HOLAN

Ana yawan ba da misali da ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan tafiye-tafiye bisa keke ake yin su. Wasu suna zaton haka Allah ya halicce su. Tarihi ya nuna ba haka ba ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya bunƙasa a ƙasar, motoci suka yawaita. Aka rushe gidaje don faɗaɗa tituna, aka mai da dandali wurin ajiye mota, masu keke suka ragu ƙwarai. Sakamakon ya yi muni: a shekarar 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, cikinsu har da yara fiye da 400. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa ɗiya, ya yi rubutu yana kiran a daina kashe yara. Kiran nasa ya zama sunan wata ƙungiya ta iyaye. Suka riƙa fitowa da 'ya'yansu suna toshe tituna a Amsterdam, suna neman a rage gudun mota, a kuma ware wa masu keke hanya.

Ana cikin haka sai ga matsalar man fetur ta 1973. Ƙasashen Larabawa suka tsai da sayar wa Holan mai, gwamnatin Joop den Uyl ta hana hawan mota ranakun Lahadi har tsawon makonni. Jama'a suka ga garuruwansu ba hayaniya ba hayaƙi, yara suna wasa bisa manyan hanyoyi. Daga tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta fara ba da kuɗi don gina hanyoyin keke, aka soma gwaji a biranen Tilburg da Hague. Sannu sannu kwana nesa: yau ƙasar tana da hanyoyin keke na fiye da kilomita 35,000. A 2019 an kammala wurin ajiye kekuna 12,500 a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht. A watan Disamba na 2023 birnin Amsterdam ya rage gudu a yawancin titunansa zuwa kilomita 30 a awa. Mark Rutte, wanda ya shugabanci gwamnatin ƙasar daga 2010 zuwa 2024, an sha ganin sa yana zuwa ofis bisa keke. Inda shugaban gwamnati yake taka feda, wa zai raina masinja?

Darasin a fili yake. Mutane ba su koma ga keke don an yi musu wa'azi ba. Sun koma ne da aka raba hanyarsu da ta mota, har uwa ta yarda ɗanta ya fita.

Mai karatu zai ce Holan ƙasa ce mai sanyi da dukiya. Gaskiya ne. To, mu dubi maƙwabta. Wagadugu ranarta irin tamu ce, ƙurarta irin tamu, amma an san ta da yawan masu keke da moto. A gefen manyan titunanta da dama an ware musu hanya. Mata suna hawa zuwa kasuwa da wurin aiki ba mai ko waiwayen su. A ƙofar kasuwa da asibiti da ma'aikata akwai masu tsaro, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan a ba ka tikiti. Tun 1987 kuma ƙasar take shirya gasar tseren keke mai suna Tour du Faso.

AIKIN KOWA

Abin da ake bukata a biranenmu bai fi ƙarfinmu ba. Duk lokacin da za a shimfiɗa sabuwar kwalta, a bar wa keke gefensa, a raba shi da na mota da ɗan dakali, domin fenti kaɗai ba ya tsai da kamyo. A riƙa kwashe yashin da ke taruwa a gefen hanya, musamman bayan damina. A dasa itatuwa. A rage gudu kusa da makarantu da kasuwanni. Kowace ma'aikata ta yi rumfa inda za a ɗaure keke cikin tsaro.

Shi ma mai keke yana da nasa. Ya duba birki kafin ya fita. Ya sa fitila gaba da jan madubi baya, don direba ba ya kauce wa abin da bai gani ba. Ya bi hannun dama, ya tsaya in wuta ta yi ja, ya miƙa hannu kafin ya karkata. Direba kuma ya ba shi fili in zai wuce shi, ya duba baya kafin ya buɗe ƙofa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Keke irin wanda muka sani, mai taya biyu daidai da sarƙa, ya fito ne a Ingila a 1885, kuma har yau ba a ƙera abin hawan da ya fi shi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ba. Saura hukumomin birane su ba shi hanya, mu kuma jama'a mu ba mai hawansa girmansa.