Ciwon Baki Da Damuwa Ga Mai Juna Biyu

Uwargida, akwai ciwon baki da ba ya tafiya gaba ɗaya. Wata miki ne yake fito mata a harshe ko cikin leɓe, ya warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, sannan ya dawo. Wata kuma dasashinta ne kullum a kumbure, yana jini da zarar ta sa buroshi ko asuwaki. Akwai kuma wanda likitoci ke kira laikin filanus, mai yin fararen zane a cikin kumatu, yana zafi idan an ci yaji ko abu mai tsami. Wannan ba a ɗaukarsa daga wani, don haka babu dalilin ware wa mai shi kwano ko kofi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, irin wannan ciwo yakan tafi tare da damuwa. Mace mai jin zafi duk lokacin da ta kai loma, wadda ke rufe baki idan za ta yi magana saboda tsoron wari, sannu a hankali takan daina shiga mutane. Barci ya ragu, fargaba ta shigo, musamman tunanin ko ciwon daji ne. Ita kuma damuwa idan ta daɗe, jiki yana yawan sakin wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke dagula aikin garkuwar jiki. Baki ya bushe, wata ma ta riƙa cizon kumatu ko cije haƙora cikin barci. Wadda ranta ke ɓace ba ta da ƙarfin kula da wanke baki. Haka ciwon zai ƙaru, damuwar ta bi shi.

Ciki yana ƙara nasa. Daga wata na 2 ko na 3, canjin sinadaran jiki na sa dasashi saurin kumbura. Ga laulayi, ga amai, ga ƙarancin jini, wanda shi kansa yana kawo miki a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa lokacin ciki ko cikin shekarar da ta haihu. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ragwanci ba ne.

Ranar awo, ki nuna wa ungozoma bakinki, ki kuma faɗa mata halin da zuciyarki ke ciki. Mata da yawa kan ambaci ciwon baya da kumburin ƙafa, su yi shiru a kan wannan, alhali shi ne ke hana su cin abinci. Ganin likitan haƙori da wankin haƙora ba sa cutar da jariri, kuma an fi jin daɗinsu tsakanin wata na 4 da na 6.

A gida, ki kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki yi amfani da buroshi mai laushi safe da dare. Bayan amai ki kurkure kawai, kada ki goge nan take. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Kada ki ɗora asfirin ko kanwa a kan mikin, ƙona wurin suke yi, kuma kada ki sayi tetirasaikilin ko ibuprofen a kemis.

Maigida da uwar miji, a rage yaji a nata abincin, a ba ta lokacin hutu. Kalmar "raki ne" ba ta warkar da kowa. A kawo ta asibiti idan miki ya wuce mako 3 bai warke ba, ko ta kasa ci da sha, ko baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako 2. Idan kuwa ta ambaci cutar da kanta, a kawo ta a ranar, kada a jira ranar awo.