Da Biro Da Fotokwafi Muka Fara

A watan Yulin 1976 wani matashin ma'aikacin banki a Landan, Mark Perry, ya buga kwafi 50 na wata 'yar mujallar kiɗan punk mai suna Sniffin' Glue, ba jari, ba ofis. A cikinta Danny Baker ya koyi aiki kafin jaridar NME ta ɗauke shi.

Ni ma ta irin wannan ƙofa na shigo aikin jarida. A 1999, shekarar da Alhaji Mamman Shata ya rasu, mujallun Tauraruwa da Fim suna tashe, amma hankalinsu yana kan 'yan fim. Makaɗan noma da masu kalangun Zurgu babu mai waiwayar su. Sai na riƙa bin su gona da gidan biki, ina rubuta hirarsu da biro, in yi fotokwafi a Rano, in sayar ranar kasuwa har Kibiya.

Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ba su bar kaset ko ɗaya ba. Waɗannan takardu ne kaɗai shaidar da ta rage. Saboda haka ina kira ga matasanmu masu waya a hannu, su hanzarta ɗaukar muryoyin sauran dattawan tun suna raye.