Daga Ɗan Issa zuwa tashar nukiliya: bututun gazuwal da ba a yarda ya ɗiga ba

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu, domin layin da ke ba su wuta daga Katsina yake tasowa, ya sauka Gazawa, daga nan a rarraba. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni, a garuruwan bakin iyaka irin su Ɗan Issa, da ke gundumar Madarumfa kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, duk mai sana'ar da ba ta jure duhu ya koma ga injin gazuwal, wato dizal. Mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara, har da eriyar kamfanin waya, kowa ransa yana cikin tankin mai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tashar nukiliya ma haka take. Duk girmanta da ƙasaitarta, ranar da wutar waje ta ɗauke mata, injin gazuwal ne ke tsakaninta da masifa.

Maganar ta shafi Nijar kai tsaye. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, shekaru da dama an yi ta kai shi ƙetare yana haskaka biranen wasu, musamman Faransa, wadda ke samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, alhali a Nijar mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta. A watan Yulin 2025 gwamnati ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom na Rasha game da makamashin nukiliya, ana kuma ta zancen gina tasha. To, kafin a kai ga tukunyar nukiliyar, yana da kyau mai karatu ya san irin ɗawainiyar da ake yi wa bututun mai guda ɗaya a irin wannan wuri.

Tukunyar nukiliya ba ta mutuwa lokaci ɗaya. Ko an kashe ta, burbushin da ke cikin makamashin yana ci gaba da fidda zafi. A daƙiƙun farko zafin yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin da take aiki da shi, bayan 'yan sa'o'i ya sauko kusan kashi 1. A baki kamar kaɗan ne, amma ga tukunya mai zafin megawat 3,000, kashi ɗaya ɗin nan megawat 30 ne, kuma ya isa ya ƙafar da ruwa ya narkar da ƙarfe. Dole famfuna su yi ta zagaya da ruwan sanyi kwana da kwanaki, su kuwa famfuna wuta suke so. Shi ya sa kowace tasha take da manyan injunan gazuwal na ko-ta-kwana, aƙalla biyu a ɗakuna dabam-dabam, waɗanda aka tsara su tashi da kansu su kai cikakken gudu cikin kamar daƙiƙa 10.

(Ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ba ta cikin wannan lissafi. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kacal, ruwan da take zaune a ciki ya ishe ta sanyi ba tare da famfo ba.)

Waɗannan injuna ba irin na bayan shago ba ne. Mai ƙarfin megawat 5 yakan sha wajen lita 1,300 a awa guda. Ƙa'idar hukumar NRC, mai kula da harkar nukiliya a Amurka, ita ce a tanadi man da zai riƙe inji kwana bakwai yana aiki ba tsayawa. In aka lissafa, lita sama da 200,000 ke nan, wato tankar mai shida zuwa bakwai irin masu ɗaukar lita 33,000 da ke bin hanyar Katsina. Ana ajiye man a babban tanki, sau da yawa binne a ƙasa. Famfo yana ɗebowa ta bututu ya zuba a ƙaramin tanki kusa da injin, mai riƙe man awa guda ko fiye, daga nan ya bi ta matata ya shiga injin. Duk inda wannan hanya ta sami ɓaraka, inji lafiyayye ya zama tarin ƙarfe.

Ɓarakar kuwa iri biyu ce. Akwai wadda mai ke fita, a wayi gari tankin da takarda ta ce yana da man kwana bakwai ashe na kwana huɗu ne a ciki. Akwai kuma wadda ta fi wuyar ganewa, a ɓangaren da famfo ke zuƙowa. A nan ba a ganin ɗigo ko ɗaya, iska ce ke shiga. Duk bakaniken da ya taɓa kwance ƙusar matata yana danna famfon hannu har kumfa ta ƙare ya san abin da iska ke yi wa injin gazuwal: ya tashi, ya yi tari, ya mutu. A gareji ɓata lokaci ne na rabin awa. A tashar nukiliya ba a da wannan rabin awar.

Gwajin matsi shi ne hanyar kama ɓarakar tun ba ta yi aiki ba. Asalinsa bai wuce abin da mai faci ke yi a bakin tasha ba, in ya hura tiyub ya tsoma a ruwa yana neman inda kumfa ke tasowa. Bambancin yana wajen tsanani da rubutu.

Ga yadda ake yi. Ma'aikata za su rufe bawul na gaba da na baya, su keɓe yankin bututun da za a gwada. A cika shi taf, yawanci da shi kansa gazuwal ɗin, don ruwa abokin gāba ne a wannan hanya. A buɗe 'yar kafar da ke can sama har iska ta gama fita. Sai a ɗaura agogon matsi wanda aka tantance ingancinsa, a riƙa ƙara matsin da ƙaramin famfo, sannu a hankali, har allura ta kai inda ake so. Daga nan sai jira: minti 10 ga bututun da ke tsirara, awa 4 ga wanda aka naɗe da rigar kariya, domin a ba ɗigo lokacin da zai ratso ya bayyana. Sa'an nan mai duba, wanda shi ma sai da takardar shaidar ƙwarewa har da gwajin ido, ya bi layin da tocila, walda bayan walda, mahaɗa bayan mahaɗa, yana leƙa ƙarƙashi yana neman danshi ko tabon mai. Abin da ya gani ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata.

Dalilin guje wa iska a gwajin shi ne tsaro. Ruwa ko mai ba sa matsuwa, in bututu ya tsage sai matsin ya faɗi nan take, a sami tsartuwa kawai. Iskar da aka danne kuwa tana tara ƙarfi, in ta sami hanya da gutsattsarin ƙarfe take fita.

Bututun da ke binne ba ya dubuwa da ido, don haka agogo ne shaida. A rufe shi ta kai da kai, a zuba wa allura ido: in tana sauka, akwai inda man ke zuwa. Inda babu halin rufewa, sai a auna abin da ya shiga ta wannan baki da abin da ya fita ta wancan. Shi kuwa babban tanki, da yake yana da kafar shan iska, ba a danna masa matsi. Cika shi ake yi har iyakar da aka ƙera shi ya ɗauka, nauyin man ya zama gwajin, a ga ko zai ragu.

Akwai tarko a nan, kuma a ƙasar zafi irin ta Maraɗi ya fi haɗari. Gazuwal yana kumbura in ya ji ɗumi. Lita 10,000 in zafinta ya ƙaru da digiri 10 takan ƙara wajen lita 80. A rufaffen bututun da rana ke duka, matsi yana hawa da kansa, har ya rufe asirin ƙaramin yoyo, allura ta tsaya cak alhali mai na zuba. Da yamma kuma in gari ya yi sanyi allura ta sauka, a zargi bututun da ba shi da laifi. Gwajin da ba a rubuta zafin man tare da shi ba, aikin baban giwa ne.

Tsofaffin sharuɗɗan tashoshin Amurka da dama sun ce duk shekara 10 a gwada wannan hanya da matsin da ya kai kashi 110 cikin ɗari na wanda aka ƙera ta dominsa, bisa kundin ƙungiyar injiniyoyi ta ASME. Daga shekarun 1990 aka sassauta, aka yarda a yi gwajin da matsin aiki na yau da kullum muddin an yi duban ido yadda ya kamata, kuma ana maimaita shi kamar sau uku a cikin shekara goman. Hujjar masu sassaucin ita ce ƙarin kashi 10 ba ya tona wani abin kirki da matsin aiki bai tona ba, ga wahalar shiri. Hujjar tana da ƙarfi, amma ta jingina ne kacokan ga gaskiyar mai riƙe da tocila.

Gwajin matsi ma ba shi kaɗai ba ne. Duk wata ana tada kowane inji ya yi aƙalla awa guda da kaya a kansa. Duk wata ana duba gindin tanki a zuƙe ruwan da ya kwanta, saboda raɓar da ke taruwa a ciki ita ce ke kawo tsatsa da wasu ƙwayoyin halitta masu yin kainuwa su toshe matata. Tankar da ta kawo sabon mai ba ta juyewa sai an ɗebi samfur an auna. Duk shekara 10 kuma a kwashe man gaba ɗaya, a share laka, a duba cikin tankin.

Duniya ta ga ranar waɗannan injuna. A Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta yanke layukan waje, injunan suka tashi kamar yadda aka tsara. Ƙasa da awa guda bayan haka igiyar teku ta shanye su, 12 cikin 13 suka tsaya, tukwane uku suka narke. Guda ɗayan da ya tsira shi ya ceci tukunya ta biyar da ta shida. A Zaporijiya ta Yukiren, tashar da ta fi kowace girma a Turai, wutar waje ta sha ɗaukewa tun da yaƙi ya ɓarke a 2022, kuma daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoban 2025 wata guda cur ta yi a kan gazuwal. A Norilsk ta Rasha kuwa, inda tashar ba ta nukiliya ba ce, tankin man ko-ta-kwana ne ya rufta a watan Mayun 2020, tan kusan 21,000 na gazuwal ya malala ƙasa da koguna, kotu ta ci kamfanin da ke da tashar tarar kusan dala biliyan 2.

Wannan na ƙarshen shi ya fi kusa da gida. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, Nijar take da nata gazuwal, kuma hanyar Ɗan Issa ta daɗe da sanin zirga-zirgar mai, na tanka da na jarka. Gidajen mai suna da tankuna a binne, masu manyan injuna suna da na walda a bayan gida. Ƙasar Madarumfa kuwa ƙasar ruwa ce: gulbin Maraɗi yana ratsa ta bayan ya baro Jibiya, ga tafki, ga lambuna, ga rijiyoyin fadama da ruwansu ba shi da nisa. A Amurka, gwajin tankin gidan mai dole ya iya kama yoyon da bai kai rabin lita a awa ba. Irin wannan ɗigo ba mai jin sa a aljihu rana guda, amma lita 9 ne a yini, sama da lita 3,000 a shekara, kuma yashi ba ya riƙe shi, ƙasa yake yi har ya tarar da ruwan sha.

Babu mai cewa gidan man ƙauye ya bi kundin tashar nukiliya. Sai dai rabin aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mai gidan mai yana iya tsoma sandar awo da dare bayan an rufe, ya sake tsomawa da asuba kafin a buɗe, ya rubuta a littafi, ya gwama da abin da famfo ya sayar. Yana iya shafa maganin gano ruwa a bakin sandar ya ga ko akwai ruwa a gindin tanki. Sabon tanki da sabon bututu a gwada su da matsi kafin a mayar da ƙasa a kansu, domin bayan an binne sai dai a tone. Hukumomin da ke ba da izinin buɗe gidan mai a Maraɗi da Madarumfa su nemi takardar wannan gwaji, su kuma koma su nemi sabuwa bayan 'yan shekaru. Mai lambun da rijiyarsa ke kusa da tankin mai, in ya ji ruwan ya canza wari, ya daina sha, ya kai magana wurin magajin gari.