Daga "ina jin kunya" zuwa "ina da ciki": Abin da ke jefa masu koyon Sifaniyanci cikin kuskure

Ɗalibin da ya yi ɓaranɓarama a gaban aji yakan so ya ce kunya ta kama shi. Idan da Ingilishi ya yi karatu, sai ya lalubo kalmar Sifaniyanci mai kama da embarrassed, ya ce "estoy embarazada". Abin da ya sanar wa jama'a shi ne yana ɗauke da juna biyu. Da "me da vergüenza" ya ce, da an fahimce shi.

Harshen ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi tun daga goyo, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi ne babban harshen hukuma a Equatorial Guinea, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci. Ga masu bibiyar La Liga, ga ɗaliban likitanci a Kuba, ga matasan da ke isa Sifaniya neman aiki ko mafaka. Duk tarko iri ɗaya ke jiransu, kuma galibinsa kashi uku ne.

Kalmomi masu kama da wane

Kama da wane ba ta wane. Sifaniyanci da Faransanci daga Latin suka fito, Ingilishi kuma ya ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga gare su, amma ma'anoni sun rarrabu a hanya. "Éxito" na nufin nasara, ƙofar fita kuwa "salida" ce. Wanda ya ce maka yana "constipado" a Madrid mura ke damunsa, cikinsa lafiya lau.

Kowa da inda harshen mulkin mallakarsa ke kayar da shi. Ɗan Najeriya da ke son sanin ko an zuba wa abinci sinadarin hana lalacewa zai iya tambaya ko akwai "preservativos" a ciki, alhali kalmar kwaroron roba take nufi. Ɗan Nijar ya tsira daga wannan, domin haka ma'anar take a Faransanci. Shi kuma sai ya shiga shago yana tunanin gâteau, ya nemi a yanko masa "gato", wato mage.

Ƙaramar alama, babban bambanci

"Año" shekara ce. Idan aka cire 'yar igiyar da ke kan harafin ñ, sai ta koma "ano", wato dubura. Don haka wanda ya rubuta "tengo 20 anos" a wayar da ba a saita ba, ya shaida wa duniya cewa yana da dubura 20. Haka "papá" uba ne, "papa" dankali, "el Papa" kuma Fafaroma. "Pero" na nufin amma, idan aka kaɗa harshe aka ce "perro" ya zama kare.

Bahaushe ya san wannan ciwo a gidansa. Wanda bai sa lanƙwasa ba zai mayar da baƙi baki, ya mayar da ƙafa kafa. Mutanen Sifaniya sun ɗauki harafinsu da muhimmancin gaske. A 1991 Tarayyar Turai ta wancan lokaci ta ƙalubalanci ƙa'idojin ƙasar da suka hana sayar da allon rubutun kwamfuta maras ñ, tana kallonsu a matsayin shinge ga kasuwanci. Marubuta irin su Gabriel García Márquez suka tashi tsaye, kuma a 1993 gwamnati ta fitar da dokar da ta kare harafin bisa hujjar kare al'ada.

Harshe ɗaya, ƙasashe 20

Kalmar da aka koya a aji tana iya zama batsa idan aka tsallaka teku. A Sifaniya "coger" na nufin ɗauka ko kamawa, da ita ake kama mota kullum. A Meziko da Ajantina kalmar ashar ce mai nufin saduwa, shi ya sa suke cewa "tomar" ko "agarrar". Kamfanin Mitsubishi ma ya yi wannan lissafi: motar Pajero da muka sani an riƙa sayar da ita da sunan Montero a Sifaniya da yawancin ƙasashen yankin Amurka, saboda sunan na asali zagi ne a can.

Akwai kuma ginin jimla. Mai jin zafin rana "tengo calor" yake cewa. Wanda ya ce "estoy caliente" sha'awa ya bayyana. "Estoy aburrido" na nufin na gundura, "soy aburrido" kuwa ni ne mai gundurar da mutane.

Inda dariya ke ƙarewa

A aji, kuskure dariya kawai yake jawowa, kuma wanda aka yi wa dariya a kan "ano" ba ya sake mantawa. A gaban likita ko jami'in shige da fice, lamarin ya wuce wasa.

A 1980 aka kai wani matashi ɗan shekara 18, ɗan asalin Kuba, wani asibiti a jihar Florida ta Amurka a sume. Danginsa suka ce yana "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ne ya ɓata masa jiki. Ma'aikatan suka ji kalmar da kunnen Ingilishi, suka ɗauka ƙwaya ya sha ta yi masa yawa. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gano, hannayensa da ƙafafunsa sun shanye, aka daidaita a kan diyyar kimanin dala miliyan 71.

Irin tarkon da ya mayar da "embarazada" abin dariya shi ne ya nakasa wannan matashi: an amince da kalma don ta yi kama da wadda aka sani. Mai koyo ya saki baki ya yi magana, ya yi kuskure a kasuwa da wajen abokai. Amma idan zai sa hannu a takardar aiki, ko zai bayyana ciwonsa, ko zai ba da labarinsa a ofishin neman mafaka, ya nemi ƙwararren tafinta, kada kunya ta sa ya ce ya gane abin da bai gane ba.