Nasiha ga mai son sa wa ƙofar gareji inji

 

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, yau ba kan farashin gero zan yi magana ba. Kan injin nan ne da ake ɗaura wa ƙofar gareji, a danna rimot ta buɗe da kanta, domin na ga mutanenmu sun fara sa shi a gidaje.

Dalilin maganar shi ne wani abokin cinikinmu a Dawanau. Ya sayi nasa a gwanjo don araha. Ranar da tirelar masara ta iso masa da asuba an ɗauke wuta, janareta ba mai, garejin kuma ba shi da ƙaramar ƙofa. Mota na ciki, takardun kaya na cikin motar. Kafin mai walda ya zo ya yanka ƙofa hantsi ya yi, mai masara ya sayar wa wani. To, kun ji. Araha ba ta ado.

Wani Ba'amurke, C. G. Johnson, shi ya ƙago injin a 1926. Amma abin da mai saye ya kamata ya fara sani shi ne, ba injin ke ɗaukar nauyin ƙofa ba. Sifirin ɗin da ke jikinta shi ke ɗauka, inji ja kawai yake yi. Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, ɗaga ƙofar da hannu zuwa rabi ka saki. In ta tsaya, lafiyarta lau. In ta rikito, a gyara sifirin tukuna, kuma gwani ne zai taɓa shi, don yana karya hannu.

Na biyu, nauyi. Mu da ba ma karɓar buhu sai an ɗora a sikeli, yaya za mu sayi inji ba mu san nauyin ƙofa ba? Ƙofar da masu waldarmu ke yi da farantin ƙarfe tana iya kai buhun masara ko ta fi. Inji mai rabin ƙarfin doki na ƙofa mara nauyi ne. Mai nauyi a nema mata wanda ya fi shi. Mai sarƙa ya fi araha da ƙara, mai bel ya fi tsada da shiru. Ƙofa mai naɗewa irin ta shago kuwa injinta dabam ne.

Na uku, wuta. Injin da aka ƙera don Amurka bolt 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi haka nan, ya ƙone. Karanta rubutun da ke jikinsa, ko ka sa yaro ya karanta maka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka haɗa masa sitabilaiza, ka zaɓi mai batir. Ko a Amurkan, jihar Kalifoniya ta wajabta batirin tun 2019, bayan gobarar daji ta 2017 da wuta ta yanke, tsofaffi suka kasa ɗaga ƙofofinsu. Akwai kuma igiya mai jan kai da ke rataye a jikin injin, in an ja ta ƙofa ta koma ta hannu. Garejin da ba shi da ƙaramar ƙofa, lalle a sa masa makullin da zai saki igiyar daga waje. Da Alhajin nan ya yi haka, da masararsa na sito.

Na huɗu, wanda ya fi duka, rai. Gidajenmu cike suke da yara. Tun 1993 dokar Amurka ta tilasta ƙarin kariya, galibi idanu biyu a gindin ƙofa, kada su wuce inci 6 daga ƙasa. In wani abu ya gitta tsakaninsu, ƙofa ta fasa sauka. Wasu masu ɗaurawa kan cire su wai suna ba da wahala. Kada ka yarda. Ƙurar hunturu ce ke rufe su, a goge da tsumma, shi ke nan. Maɓallin bango kuma a kafa shi ƙafa 5 daga ƙasa, inda hannun yaro ba ya kai.

Ranar da aka gama, kada ka cika kuɗin aiki sai ka gwada. Kwantar da guntun katako a bakin ƙofa ka danna. In ta taɓa shi ta koma sama, madalla. In ta danne shi, haka za ta danne ɗanka. Sannan a kashe wuta, ka buɗe da hannunka sau biyu, ka koya wa uwargida da maigadi. Ka riƙa maimaita gwajin katakon duk wata.

Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, sakata da kwado ba su taɓa kunyata kowa ba.

Allah ya tsare mana iyali da dukiya, ya sa albarka a kasuwa, amin. Wassalamu.